Shekarar da Baba ya zauna a bakin shago

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, babu wanda ya riga telan Kaduna sanin an yi canji. Mutumin da ka sani shekara da shekaru da 'yar shat da wando, rana ɗaya sai ka gan shi da ƙunshin shadda a hammata, wai babbar riga yake so mai aiki har ƙasa, don an gayyace shi taro. Kansila yana so, mai neman kansila yana so, wanda ke riƙe wa kansila jaka shi ma yana so. Shagonmu na Makera, wanda a da ɗinkin ma'aikatan masaƙa da kayan makarantar 'ya'yansu ke riƙe da shi, sai ya cika da yadi har babu wurin ajiye ƙafa.

Shagon na yayana ne. Shi ke yanka, shi kaɗai, domin babu wanda ya yarda ya miƙa shaddarsa mai tsada ga almakashin wani. Ni ina kan keken aiki, ni ke zuba wa riguna ado a wuya da ƙirji. Akwai teloli maza da ke haɗa ɗinkin, sai wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke zuwa daga Narayi, ita ke ɗinka kayan mata. Dukanmu Mama muke ce mata, har Yaya, don ta girme mu, kuma bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta.

Kowa ya san tsokanar da ake yi wa tela, cewa gobensa ba ta wayewa. To, Yaya ya fita daga wannan layin tun yana saurayi. In ya ce maka Laraba, ka zo Laraba da kuɗin motarka kawai, za ka tarar da kayanka a goge, a ninke. Da wannan sunan ya yi aure, da shi ya gina ɗan gidansa. Ni dai ban taɓa ganin ya yi taƙama da komai ba in ba wannan ba.

A wannan shekarar azumi ya haɗu da Kirsimeti, Sallah kuma na biye a baya kaɗan. Aikin 'yan siyasa bai ragu ba, ga na masu Kirsimeti, ga na masu Sallah, duk suka faɗo mana a kai lokaci guda. Sai Yaya ya fara cewa gobe. Da farko yakan faɗa yana sunkuyar da kai, daga baya bakinsa ya saba. Ranar da abin ya kai maƙura, wata dattijuwa ce daga Kakuri ta zo karɓar kayan jikokinta, bayan ta yi ta zarya. Ko yanka su ba a yi ba. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta ce, "Ashe kai ma tela ne." Ta juya ta tafi.

Da muka tashi shan ruwa ran nan, Yaya ko dabinon bai iya ci ba. Ya ce mini, "Ka ji ni da kyau. In Sallar nan ta zo da kayan mutum ko ɗaya a hannuna wanda na yi wa alkawari na saɓa, zan sayar da kekunan in koma kasuwa sayar da yadi. Ba zan tsufa ina ƙarya ba." Na san halinsa, ba ya magana biyu. Tsoro ya kama ni, don shagon nan shi ne abincinmu duka, kuma na san ranar da Yaya ya ajiye almakashi an gama da shi.

Ni a ganina maganin a fili yake: a ƙaro kekuna, a ɗauko ƙarin teloli, a sayi janareta. Na yi ta faɗa har na gaji. Mama ta bar ni na gama, ta ce, "Kai dai akwai surutu. A kawo keke goma ma, me za su ɗinka? Iska?" Na harzuƙa na ce to ita ta kawo nata maganin mana. Ashe da aka tashi, maimakon ta hau motar Narayi, gidan mahaifinmu ta wuce.

Baba a lokacin ya daɗe da barin aiki. Heluma ne a masaƙa a zamaninsa, wato shi ke kula da ma'aikatan wani sashe na injinan saƙa. Tun da ya yi ritaya ba ya wuce masallaci da ƙofar gida, ga ciwon gwiwa. Bai taɓa sa mana baki a harkar shago ba. Yaya ɗan fari ne, saboda haka Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "mai shago".

Washegari da hantsi sai ga shi da sandarsa da carbinsa. Muka miƙe a rikice muna gaisuwa. Ya ce mu zauna, zaman gida ne ya ishe shi, ya zo shan iska. Ya nemi lungu kusa da tulin yadi ya zauna. Tun daga lokacin har la'asar, in ban da sallah babu abin da ya tashe shi.

Abin da ya gani shi ne abin da muke gani kullum, sai dai mu idonmu ya saba. Yaya zai shimfiɗa shadda, ya ja alli, ya ɗaga almakashi, sai a yi sallama. Wani Alhaji ne. Dole ya ajiye, ya zagayo, ya ba da hannu biyu. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ibada, ya kasuwa, ya muka ji da sabuwar gwamnati. Alhaji zai zauna a kan benci ya kawo labarin wanda za a ba kwamishina. Ba a barin babba yana magana a juya masa baya, don haka Yaya na tsaye yana "haka ne, haka ne". In Alhaji ya tashi sai an raka shi har bakin mota. Kafin Yaya ya dawo ya gano inda allinsa ya tsaya, wani ya yi sallama. Mu kuwa muna zaune a kan kekuna, ƙafa a kan feda, babu abin ɗinkawa. Kuma duk wanda ya zauna aka yi hira da shi, in ya miƙo yadi ya ce jibi yake so, da wane baki Yaya zai ce masa a'a?

Bayan la'asar Baba ya yi gyaran murya. Bai dubi Yaya ba, ni ya duba, ya ce, "Kai, tambayi mai shago, yau riga nawa ya yanka?"

Yaya ya faɗa da kansa, murya ƙasa-ƙasa. Abin kunya ne, ko rabin abin da yake yankawa a da bai kai ba.

Baba ya ce, "A masaƙa, in zare bai iso ba, ba ma zagin masu saƙa. Mukan bi layin baya mu ga inda ya maƙale. Nan wurin duk a bakin almakashi kuka maƙale, almakashin kuma yana hannun mai gaisuwa."

Yaya ya ce, "Baba, to ya zan yi? In ƙi gaisa da mutane? A ce na samu duniya na fara girman kai?"

"Wa ya ce a ƙi gaisuwa? Gaisuwa hakki ce, za a ba kowa tasa har da ƙari. Amma wanda ya zo gaida ɗa ya tarar da uban, an rage masa ne ko an ƙara masa?"

Abu ne da ko ɗan yaye ya sani a garin nan, cewa in uba na zaune shi ake durƙusa wa, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tunanin wannan zai iya zama maganin aikin shago. Mama ta tafa hannu ta ce, "Baba, Allah ya ƙara girma. Dama na san kai kaɗai za ka iya, shi ya sa na je gidanka."

Da safe Baba ya riga mu zuwa, da guduma da ƙullin ƙusoshi da wani dogon katako. Ya sa aka fitar da benci waje ƙarƙashin rumfa, aka shimfiɗa masa tabarma da buzu. Teburin yanka aka mayar da shi can ƙurya, aka ja labule. Ya ce daga hantsi zuwa azahar mai shago ba ya nan ga kowa, ko gwamna ne. Awo ya dawo hannuna. Duk wanda ya zo, Baba ne zai karɓe shi, ni in auna shi.

Katakon kuwa a bango aka kafa shi, inda duk mai shigowa zai gani. Baba ya sa aka tambayi mai shago abin da yake iya yankawa a wuni ba tare da gaggawa ba. Da Yaya ya faɗa, sai Baba ya rage, ya ce a bar wa ciwon kai da jana'iza wurinsu, don ba sa sallama kafin su zo. Ya ja layi da alli, kowace rana da gurbinta har zuwa jajiberin Sallah, ya buga wa kowace rana ƙusoshi daidai abin da ya rage ɗin. Sannan muka kwashe tulin yadin nan kaf, muna ɗaurewa muna ratayewa, kowane ƙunshi a ƙusa guda. Na masu Kirsimeti a gaba tunda bikinsu ya fi kusa, sauran kuma wanda ya riga kawowa shi ne a gaba.

Ƙusoshi suka ƙare, yadi bai ƙare ba. Na ce sai a ƙara ƙusa. Baba ya ce, "Ƙusa ce ke yanka?" Ya sa aka aika wa masu ragowar kayan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo, Baba zai gaishe shi gaisuwa ta mutunci, ya tambayi iyayensa da garinsu, sannan ya ce masa, "Kayanka ba za su samu kafin Sallah ba. Na gaya maka tun da sauran lokaci don ka nemi wani. In kana so, akwai mai hannu mai kyau a Tudun Wada, ka ce ni na turo ka. In kuma za ka jira bayan Sallah, kai ne na farko."

Wallahi ran nan raina ya ɓaci. Kwastoma ya kawo kansa da ƙafarsa, ka ɗauke shi ka miƙa wa wani telan? Na shiga bayan labule na ce wa Yaya tsohon nan zai rufe mana shago tun kafin shi ya rufe. Yaya bai ɗago ba, almakashinsa na ta tafiya cikin shadda, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Rabon da in ji wannan ƙarar a jere ba yankewa har na manta. Na tsaya ina saurare, faɗan da na shigo da shi ya bi iska.

Abin mamaki, yawancin waɗanda aka mayar wa kaya godiya suka yi. Maganar da in ta fito daga bakin Yaya za a ce wulaƙanci ne, daga bakin mai furfura sai ta zama shawara.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, da ɗaiɗai Baba ya riƙa kawo su. Da, in zare ya ƙare ko maɓalli, sai tela ya tashi daga kan keke ya tsallaka gada zuwa babbar kasuwa, rabin wuni ya tafi. Yanzu kafin a tashi Baba zai sa a dubi ƙusoshin gobe da jibi, a ga launin zaren da za su ci, mutum ɗaya ya je da sassafe ya haɗo duka. In an kawo wuta, kowa ya san aikina ne a gaba, da guga. In an ɗauke, a koma kekunan ƙafa da ramin maɓalli, ni kuma in zana adon rigunan da ke tafe. Da la'asar sakaliya Baba yakan kira mu mu tsaya a gabansa, ya tambayi kowa abu ɗaya: "Me ya tsayar da kai yau?" Ba ya faɗa, ba ya neman mai laifi. Abin da ka faɗa, washegari za ka tarar an kawar da shi daga gabanka.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti sai ga wani sabon kansila da mota da 'yan rakiya. Tsohon kwastoman Yaya ne tun yana malamin makaranta. Ya durƙusa ya gaida Baba, aka yi hira mai daɗi, sannan ya sa aka fito da shadda fara sol. Ya ce akwai taron da zai yi jawabi ranar Asabar, kuma hannun mai shago kaɗai ya yarda da shi. Ya ce ko nawa ne zai ƙara.

Daga inda nake ina hango ƙafafun Yaya a ƙarƙashin labule. Almakashi ya tsaya. Na san da ya fito magana ta ƙare, zai ce to.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kama hannun kansila ya kai shi gaban katako. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga na gobe, ga na jibi, duk a cike. Babu yadda naka zai hau sai an sauke na wani. Wannan atamfar ta wata mai tuyan ƙosai ce a bakin masaƙa, ita da 'ya'yanta za su sa su je coci. Wannan na wani direba ne. Wannan na marayu ne, kawunsu ya kawo. Zaɓi wanda za a sauke, sai in aika a kira mai shi ka gaya masa da bakinka."

Kansila ya yi tsaye yana kallon ƙunshin nan. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyarsa ya fara cewa, "Haba Baba, ai oga..." Baba ya katse shi cikin murmushi, ya ce, "Da zamanin kaki ne, ai da ban tambaya ba, sai dai in ga an sauke. Yanzu kuwa duk masu kayan nan a mazaɓarsa suke."

Kansila ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ka kashe ni. A bar wa kowa nasa." Ya sa aka ajiye shaddar zuwa bayan Sallah, taron kuma da tsohuwar rigarsa ya je. Bayan labule almakashi ya ci gaba.

Masu Kirsimeti suka karɓi kayansu a kan kari. Mama ta yi bikinta a gida da iyalinta, ta aiko mana da shinkafa da kaji muka sha ruwa da su. Dattijuwar Kakuri, Baba da kansa ya sa aka kai mata kayan jikokinta har gida. Ƙusoshin Sallah suka ci gaba da zama fayau, rana bayan rana. Mutane ba su daina zuwa da yadi ba, har da makusanta, har da limamin unguwa, kuma amsar Baba ga kowa ɗaya ce: an rufe karɓa sai bayan Sallah.

Ranar jajibere, kafin la'asar aka zo aka karɓi riga ta ƙarshe. Duk wanda ya san shagon tela a jajibere ya san abin da nake nufi in na ce wannan abin al'ajabi ne. A layinmu kekuna na ta kuka, kwastomomi sun yi cirko-cirko a bakin shaguna, wasu na faɗa. Mu kuwa mun share shago, mun rufe kekuna da ƙyalle, muna zaune muna kallon juna kamar baƙi. Na dubi katakon nan babu komai a jikinsa, na dubi tsohon da ke jan carbi a kan buzu, na ji wani irin kwarjininsa ya rufe ni. Shekaru ina ganinsa a ƙofar gida, ban san abin da ke cikin kansa ba.

Sai Yaya ya shiga ƙurya ya fito da wata shadda ruwan toka, mai tsadar gaske, wadda ya saya ya ɓoye. Ya durƙusa a gaban Baba ya ajiye. Ya ce, "Baba, akwai sauran rana. Yanzu zan yanka, ƙanena ya zuba mata aiki, kafin isha an gama. Da ita za ka je Idi."

Ni har na yaye ƙyallen kekena. A raina na riga na zaɓi adon da zan yi masa, wanda ban taɓa yi wa wani ba.

Baba ya shafa shaddar da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Kaya ya yi kyau." Sannan ya tura ta gaban Yaya a hankali. "Sai bayan Sallah."

"Baba, ai babu aikin kowa a hannunmu."

"Na sani. Amma da bakin nan nawa na ce wa liman an rufe karɓa. Na faɗa wa kansila, na faɗa wa surukinka. Gobe a filin Idi duk za su gan ni. In suka gan ni da sabuwar riga ɗinkin shagon nan, me za su ce? Za su ce ashe akwai wuri, mu ne ba mu isa ba." Ya ɗago, kuma ran nan ne na fara ganin ya dubi Yaya ido cikin ido. "Na zo ne in cire ka daga ƙarya. Kada ka sa ni a ciki."

Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan shaddar. Ni ma na juya na fuskanci bango.

Da safe muka tafi Idi tare, Baba a tsakiyarmu saboda gwiwarsa. Duk inda na waiga a sahu sai in ga aikin hannuna a ƙirjin wani, sabo fil yana ƙyalli. Baba kuwa tsohuwar farar rigarsa ce a jikinsa, wadda wuyanta ya fara cinyewa, an wanke an goge. Da aka idar mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, layi guda, shi kuma yana tambayar kowa ko rigar ta zauna masa daidai a kafaɗa.